Rigar da Yaya Ke Kaiwa

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta yi tana jigilar gaisuwar da ba wanda ya aike ta da ita. Mai shara ce a makarantar firamare. Da an tashi yara, sai ta jingine tsintsiya bayan ƙofar aji, ta kama hanyar ƙannenta biyu, Tela da Makaniki. Ba sa magana da juna tun ranar rabon kayan mahaifinsu, da suka yi cacar baki a kan tsohuwar rediyon da ko tasha ba ta kamawa.

Burinta bai wuce ta ga sun zauna a tabarma ɗaya ba, kafin ƙafafunta su gaza. A gareji takan ce, "Ɗan'uwanka na gaishe ka." Makaniki ya amsa daga ƙarƙashin mota, "Ina amsawa." A shago ta maimaita, Tela ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ya yi.

Duk shekara kuma takan kai wa Tela yadi, ta ce na maigidanta ne, ta karanto awo daga takarda. In an ɗinka, sai ta kai gareji ta ce Tela ne ya aiko. Ƙarya ce, tana yi tana istigfari.

Bana gwiwa ta kwantar da ita. Suka zo dubiya rana ɗaya, suka yi kiciɓis a ɗakinta, Makaniki sanye da rigar. Ya dubi Tela ya ce, "Na gode da riguna."

Yaya ta runtse ido, ta ce a ranta asiri ya tonu.

Tela ya ja gefen rigar da yatsu biyu. "Ta yi maka? Inci biyu na ƙara bana, na ji an ce ka yi tumbi."

"Dama ka sani?" in ji Yaya.

"Haba Yaya, mijinki siriri ne kamar ashana. Wannan kafaɗar Baba ce."

"Ni ma na san bai taɓa gaishe ni ba," in ji Makaniki. "Rigar dai na gane ɗinkinsa."

Ta ɗauka ranar nan kukan murna za ta yi. Gajiya kawai ta ji, har cikin ƙashi.

"Wato duk kun sani, kuka bar ni ina ta yawo a rana."

Ta nuna musu gwiwarta.

"To ɗaya ya miƙo man zafi, ɗaya ya ɗaga min ƙafar nan. Ni kam na gama zuwa."