Tofin Lirwanu a Kan Faranti

A shekararmu ta biyu a jami'a, ni da Lirwanu benci ɗaya aka ba mu a ɗakin gwaji, inda ake koya mana renon ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ni daga Shagari na fito, shi daga Dingyaɗi ta ƙasar Boɗinga. Mahaifinsa, Malam Husaini, yana da makarantar allo a ƙofar gida, kuma a gabansa Lirwanu ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu. Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma ba ya barin ka manta da haka. Ina son sa, amma akwai ranakun da nakan ji kamar in toshe masa baki.

Aikin a faɗe ba wuya. Za a ba ka kwalba mai ƙwayoyi, ka gasa 'yar waya a wutar gas har ta yi ja, ta huce, ka ɗebo kaɗan ka ja layuka a kan abincin da aka daskarar a farantin gilashi. Ka rufe, ka sa a akwatin ɗumi. Bayan kwana biyu, in hannunka da tsabta, iri ɗaya tak za ka tarar ya tsiro. Malama Ladi, wadda ke kula da ɗakin, ta gaya mana tun ranar farko cewa wanda bai fitar da iri ɗaya a jarrabawar ƙarshe ba, sai ya maimaita darasin baɗi.

A jan layi babu kamar Lirwanu. Hannun da ya shekara goma yana rubutu a allo ba ya rawa. Nawa layukan kamar kaza ta yi tono, amma farantina yakan fito tas. Nasa kuwa sau uku yana fitowa da baƙi, wasu 'yan ɗigo-ɗigo ƙanana a warwatse har inda waya ba ta bi ba. Ya ce wutar ce. Ya sake waya, ya sake benci, ya wanke hannu da sifirit har fatarsa ta yi fari. Ya ma zarge ni da yawan numfashi. Da ya sa ɗigon a madubin hangen ƙwayoyi, sai ya gan su jere kamar 'ya'yan tazbaha, ba su da dangi da abin da aka ba mu.

Saura mako biyu jarrabawa, Malama Ladi ta zo ta tsaya a bayansa tana kallo. Ya gama layukansa, ya ɗan ɗaga murfin, leɓɓansa suka motsa, ya yi tofi sau uku a hankali, ya rufe. Ni da ke kusa da shi wata biyu ban taɓa lura ba, don a gidajenmu haka ake yi wa abin da ake son ya yi albarka.

"Lirwanu, mi kay yi yanzu?" in ji ta.

"Addu'a ce, Malama. Tun ina ƙarami ban aje aiki ba sai na yi mai tohi."

Ban ga ta yi dariya ba, ko da yake ni na yi, har ya harare ni. Ta ɗauko sababbin farantai biyu da ba a shuka komai a ciki ba. Ta ce ya yi wa ɗaya tofi, ɗayan kuma ya yi masa addu'ar a rufe. Ranar Alhamis muka buɗe akwati. Na rufen yana nan fes, ɗayan ya cika da baƙin nan nasa. Ta ce ƙwayoyin bakinsa ne, kuma kowa yana da su, har ita.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ga hujja da idonsa, bai musa ba, amma a hanya ya gaya mini shi ba zai bar abin da mahaifinsa ya koya masa ba don kawai ya ci jarrabawa. Na ce to sai ya shirya zama da ƙannenmu baɗi. Ranar Asabar ya hau mota zuwa Boɗinga, daga can ya hau babur zuwa gida, da hoton farantan biyu a wayarsa.

Shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Malam Husaini ya karɓi wayar, ya daɗe yana dubawa, ya sa aka maimaita masa bayanin sau biyu. Ya tambaya ko wata rana da irin wannan farantin za a duba ciwon mara lafiya. Lirwanu ya ce i.

"To in kat tohe shi, ciwon wa za a gani, nashi ko naka?" in ji Malam. "Wanda kaka roƙo ba ya bukatar ka buɗe mai murhi. Yi addu'arka bakin ƙohwa, ka shahwa, ka wanke hannu, ka yi wa mutane aiki da tsabta."

Ranar jarrabawa na gan shi a bakin ƙofa ya tofa a tafin hannu ya shafa, sannan ya nufi famfo. Ya ja layukansa baki a rufe gam, har kumatunsa sun kumbura don riƙe numfashi. Bayan kwana biyu Malama Ladi ta riƙa fito da farantai tana kiran suna. Da ta zo kan nasa ta ɗaga shi wajen taga, ta juya, ta sake juyawa. Iri ɗaya ne, ɗigo-ɗigo a ware, kan layi. Ta ce a zagaya da shi kowa ya ga yadda ake yi.

Da farantin ya dawo hannunsa, Lirwanu ya ajiye shi a hankali, ya juya fuskarsa wajen bango, nesa da farantin, sannan ya ce alhamdu lillahi.