Goyon Inna a Hawan Dutse

A gidanmu na unguwar Galtimari kowa ya ce kada in kai Inna. Ƙafafunta sun kumbura, ga hanyar ba hanya ba. Amma saƙo ya zo cewa ƙanenta, wanda shi kaɗai ya rage mata a ƙauyensu na kan dutse can kudancin Borno, yana kwance, kuma sunanta yake ta kira. Na ce musu mai hana ni ya zo ya tsaya a bakin ƙofa mu gani. Ba wanda ya tsaya.

Da safe muka bar Maiduguri a wata tsohuwar bas, maƙil da mutane da buhunan masara. Bayan azahar kwalta ta ƙare, muka shiga ramuka da tsakuwa, har muka iso gindin hawan.

A wurin nan kowa sauka yake yi. Mota ba ta hawa da mutane a ciki. Maza su bi ta a baya, kowa da dutse a hannu, in ta numfasa su cusa a bayan taya kada ta gangaro. Mata su yi gaba a ƙafa.

Na roƙi direba ya bar Inna a ciki. Ya girgiza kai.

"Hajiya, in birki ya saki, kwazazzabo za mu. Ban ɗaukar alhakin tsohuwa."

Gaskiyarsa ce, ban ja ba. Sai wani fasinja mai babbar riga ya sa baki, wai a bar ta a bukkar masu shayi har gobe, ko a samu babur. Ya ƙara da cewa tsohuwa irin wannan gida ya kamace ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Malam, da kai aka haife ta? Ɗauki dutsenka ka bi mota."

Na kwance mayafina, na durƙusa, wata mata ta taya ni ɗora Inna a baya, na ɗaure tam. Ba ta da nauyi, wannan ne ma ya sa ni kuka. Na cire takalmi na hau. Ƙirjina kamar ana hura wuta, ina jin ihun maza da ƙarar duwatsu a ƙasa. Ban waiwaya ba.

Da rufin ɗakunan ƙauyen ya bayyana, Inna ta daki kafaɗata.

"Sauke ni."

"Inna, da sauran tafiya."

"Na ce sauke ni. Ƙanena yana jin an ce a goye na zo, zai ce ni ma tafiya zan yi. Ba zan ƙara masa wannan ba."

Na sauke ta. Ta gyara ɗankwali, ta ƙi ko riƙe hannuna, ta ja ƙafafun nan har ƙofar ɗakinsa. Daga ciki na ji muryarsa, can ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Yaya, ashe ke da sauran ƙarfinki."

Ta ce, "Sosai ma." Jikinta duk yana karkarwa.