Hancin Injin Taubashiyata

Shekarar da na ajiye tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, bayan na gama cin ƙurar Agadas da zufar Kwatano da hayaniyar Lome, sai na dawo Zinder ba ni da aikin yi in ban da ba mutane shawarar da ba su nema ba. Wadda ta fi shan wahalata ita ce taubashiyata, 'yar kawuna, da ke da injin niƙa a wani ƙauye can ɓangaren Garagumsa. Tun muna yara ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, bawanta take ce mini, ko a gaban wa.

Da kuɗin shanun gadonta ta sayi injin nan, kuma shi ke riƙe da gidan. Tsohon inji ne mai shan gazuwal, wato man dizal, silinda ɗaya, irin wanda ake murɗa wa hannu sai ka ga taurari kafin ya tashi. Ranar da na kai mata ziyara, tun daga bakin hanya na hango baƙin hayaƙi ya miƙe sama kamar ana ƙona taya. Ga mata sun yi layi da ƙorensu na gero, kowace ta toshe hanci da bakin mayafi.

Na ce, "Uwar ɗakina, injinki mura yake yi."

Ta ce, "Kai dai bawana, har yanzu ba ka yi hankali ba? Ƙarfe ne zai yi mura?"

Na zaunar da ita na yi mata karatu. Na ce akwai wani ƙarfe a kan injin, anjektar sunansa, shi ke fesa gazuwal ciki. A ƙarshensa akwai ɗan kai mai ƙananan huji da allura a ciki. Makanikan Kano nozul suke ce masa, namu na nan kuwa hanci, don sunan da Faransawa suka raɗa masa ke nan. In hancin nan lafiyayye ne, feshi yake yi kamar hazo, wuta ta cinye tas. In ya tsufa sai ya riƙa ɗiga, man ya ƙi ƙonewa, ya fito baƙi ƙirin, sauran ya gangara ya gurɓata baƙin mai. Na ce rabin gazuwal ɗinta sama take aikawa, kuma wata rana injin zai kwanta bai tashi ba.

Maganar gazuwal ce ta kama ta. Ta ce, "To cire hancin ka kai asibiti. Amma in ka kashe mini inji, kai za ka riƙa niƙan a dutse."

Na kwance anjektar na naɗe a tsumma, na kawo Zinder wajen wani tsohon makanike da muka daɗe tare, mutumin da bai yarda da kowa ba sai ƙarfe. Ya ɗaura shi a ɗan famfon gwaji ya danna hannu. Maimakon feshi sai ga gazuwal yana tsiyaya gefe guda kamar bakin buta.

Ya ce, "Malam, wannan ai tun zamanin kakanka ya mutu, ba a dai yi masa sallah ba ne."

Zaɓen sabo kuwa ba wasa ba ne. Duk kamarsu ɗaya a ido, amma kowane da lambarsa a jiki, da yawan hujinsa, da inda yake nufa in ya fesa. Ni da kaina na so mu sa mai manyan huji don inji ya ƙara ƙarfi, ya harare ni ya ce in ciki bai da iskar da za ta ƙona man, ƙarin hayaƙi kawai na saya. Ya duba lambar tsohon ya nemo ɗan'uwansa. Ya wanke allurar cikin gazuwal mai tsabta, ya hana ni taɓawa, wai gumin hannuna ma datti ne. Ya yi ta ƙara siraran ƙarafa yana ragewa yana kallon agogon famfon, har feshin ya fito fari fat yana wani ƙirrr mai daɗin ji. Na miƙa hannu zan tara, ya make ni, ya ce feshin nan fata yake hudawa.

Na koma ƙauye da sabon hanci da sabon zoben jan ƙarfe da ake sa masa a ƙasa don kada iska ta tsere. Na goge ramin, na zaunar da shi, na ɗaure a hankali gefe da gefe yadda aka koya mini. Murɗawa ɗaya inji ya tashi. Ɗan hayaƙi ya fito ya ɓace, shi ke nan. Sama tas. Taubashiyata ta zagaya shi tana leƙen bututun.

Ta ce, "Yana aiki kuwa?"

Na ce, "Zuba gero ki gani."

Ya niƙa, gari luƙui. Ta dube ni ta ce ashe yawon duniya yana da rana. Na koma Zinder ina tafiya kamar ni na ƙera injin.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga wayarta. Ko sallama babu.

"Bawana, ka maido mini hancina."

"Wane hancin?"

"Tsohon. Mai murar."

Na hau mota na je. Na tarar da inji kalau, rumfa wayam, ba mace ko ɗaya sai kaji suna tsince-tsince. Abin da ban sani ba, wanda kuma ita ma ba ta taɓa tunaninsa ba, shi ne matan da ke kawo mata niƙa yawancinsu ba 'yan ƙauyen ba ne. Daga garuruwan gona suke zuwa, tafiya mai nisa cikin rairayi da kaya a kai. Ba mai ɗaukar gero ta kama hanya a kan ƙila. Da safe sai su ɗaga kai su dubi gabas. In sun ga hayaƙi, inji ya tashi, akwai gazuwal, sai su fito. In ba su gani ba su nufi injin wani mutum da ke ƙauyen gaba, wanda nasa ke tuƙa hayaƙi kamar gobarar kasuwa.

Muna zaune sai ga wata tsohuwa ta shigo da sanda, ba ƙwarya a kanta. Ta durƙusa gaban taubashiyata.

Ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya mayar da alheri. Mun ji abin da ya samu injin."

Taubashiyata ta ce, "Iya, ga shi nan ai yana ƙara a bayanki."

Tsohuwar ta waiwaya ta daɗe tana kallonsa, ta kalli bututun, ta girgiza kai. Ta ce, "Yana dai ƙoƙari, baiwar Allah. Amma numfashin ya tafi."

Na yi bayani, na yi rantsuwa, na ce a aika gari gari a faɗa musu. Taubashiyata ta ce an aika. Sun ce sun ji, amma gobe fa, wa zai gaya musu ya tashi? Kullum za ta aika? Ta ce in matan nan suka saba da hanyar wancan ƙauyen, sun tafi ke nan, ita kuma ta zauna da lafiyayyen inji suna kallon juna.

Haka na koma wajen makanike na ce ina son tsohon hancin. Ya ce ya jefa shi cikin gwangwanin matattu, ga su nan birjik, ba ya gane shi. Na ce to ya zaɓo mini wanda ya fi kowane lalacewa.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Malam, ranar hamada ce ta taɓa ka?"

Na ba shi labari. Ya ce shi tun da ya fara aiki ba a taɓa roƙonsa ya ɓata inji ba. Amma mutum ne da in zai yi abu sai ya yi shi daidai. Ya zazzage gwangwanin, ya riƙa ɗaura su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Wannan ya ce yana ɗan fesawa, bai isa ba. Wancan ya toshe gaba ɗaya, inji ba zai ma tashi ba. Maƙwabtansa suka taru suna ba da ra'ayi. Can ya samu wani mai zubar da mai kamar hawaye, ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan! Har Dakusa za a ga hayaƙinsa." Ya naɗe mini shi a takarda da ladabi, ya ce kada in gaya wa kowa daga hannunsa ya fito.

A mota raina duk a jagule, don na san abin da ke aljihuna ajalin injin ne a hankali. Muna dosar ƙauyen sai na hango hayaƙi, baƙi, mai kauri, ya fi na da. Na ce ko dai rumfar ta kama, ko ta gaji da jirana ta kira wani ya yi wa injin aika-aika.

Na sauka da gudu na tarar da layin mata har bakin rijiya. Inji yana ta niƙa, bututunsa tas. A bayan rumfa kuwa ga rabin tano, wato gangar ƙarfe, an ɗora a kan duwatsu, an cika shi da kara da kashin shanu, an yayyafa tsohon baƙin man da ake juyewa daga injin. Taubashiyata tana tsaye nesa kaɗan da mafici.

Ta ce, "Na zauna na yi tunani bayan ka tafi. Su hayaƙi suke so, shi inji hanci yake so. Na ba kowa nasa."

Ta ce ranar farko da bokitin ruwa matan suka zo, sun ɗauka gobara ce. Da suka ga inji yana aiki sai suka juya suka ɗauko gero. Tsohuwar nan mai ta'aziyya tana cikin layi, ta ce mini ta san dama zai farfaɗo, ta yi masa addu'a.

Na fito da takardata na nuna wa taubashiyata, na gaya mata yadda aka tara mutane aka zaɓo shi. Ta juya shi a hannu ta ce kyakkyawa ne, in riƙe, in na rasa abin yi in sa a nawa hancin. Sannan ta miƙa mini maficin.

"Bawana, tun da kai ka kashe na farkon, zo ka hura wannan. Kada ka bari ya yi fari, mutanen yamma ba sa ganin fari."

Na tuɓe babbar riga na rataye a kan rumfa, na tsuguna gaban tano. Har azahar ina fifita, mata suna wucewa suna yi mini sannu da aiki.