Minti Biyar da Na Yanke wa Ƙanena

Ƙarfe biyar da minti goma na yammacin wata Laraba ne, cikin damina, a gonarmu ta Fakuwa. Mu biyu ne kawai a wurin, ni da ƙanena wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Na riƙe lokacin ne domin ni mutum ne mai duba agogo a kan komai. A wancan lokaci ina da shekara arba'in da takwas, ina aikin akawu a sashen noma na ƙaramar hukuma, kuma ni ne babba a gidanmu na Kankia tun rasuwar mahaifinmu. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma na san tsari, kuma ina alfahari da shi. A gidana akwai lokacin cin abinci, akwai lokacin rufe ƙofa, maganar da na yanke kuwa ba a sake ɗauko ta. Na girme wa ƙanen nan nawa da shekara goma sha biyar. Ni na kai shi makaranta, ni na tsaya har ya gama karatun kiwon lafiya aka ba shi aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kusada, wajen Ƙofa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi nawa ba. Abin da na yi mashi nake so in faɗa, daki-daki, yadda ya faru.

Wata biyu kafin wannan rana ɗiyarsa ta rasu. Ita kaɗai gare shi, shekararta uku. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kama ta, shi da kansa ya sa mata ƙarin ruwa, kuma a hannunsa ta cika. Aka yi zaman makoki, ya karɓi gaisuwa bai zubar da hawaye ko sau ɗaya ba. Na yaba mashi a raina, na ce yaron nan namiji ne.

A ranar Larabar, da muka gama zagaya gero muka zauna gindin tsamiya, sai ya ce, Yaya, yana da magana, amma in yi mashi alkawari ba za ta wuce mu biyu ba. Na ce ya faɗi. Ya ce tun rasuwar yarinyar bai bar salla ko ɗaya ba, amma in ya ɗaga hannu ji yake kamar yana magana cikin ɗakin da ba kowa. Ya ce ya ci karo da wata muhawara a wayarsa, cikin Turanci, tsakanin wani fasto da wani mutum mai cewa babu Allah, babu aljani, babu lahira. Faston ya faɗi irin abin da masu gaisuwa suka riƙa faɗa mashi, cewa jarrabawa ce kuma akwai hikima a ciki. Ɗayan ya tambaya, jaririn da ke mutuwa cikin azaba, shi me ake jarrabawa a wurinsa? Faston ya yi ta kewaye-kewaye. Ƙanena ya ce tun daga ranar tambayar ta ƙi barin kansa, yana jin tsoron kansa, shi ya sa ya zo wurina. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: bai ce mani babu Allah ba. Ni kuwa abin da na ce mashi shi ne, me ya kai ɗan Musulmi cikin rigimar Kirista da marar addini? Na ce ya yi istigfari, ni na san abin yi. Ya sake roƙona kar kowa ya ji. Na ce to.

Da farko na tafi wurin tsohon limamin unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko yaron yana cin abinci, ko yana samun barci. Na ce ban sani ba, kuma ba wannan ya kawo ni ba. Ya ce in riƙa turo mashi shi suna cin tuwo tare, kar in gaya mashi dalili, kuma kar in sake tayar da maganar sai an kwana biyu, domin mai sabon rashi ba a ja mashi aya a gaban mutane. Na fito ina cewa a raina tsoho ya ji tsoron ɗan boko. Na biyu, na nufi wani matashin ustazu da ya yi suna wajen muƙabala a garinmu. Kafin in rufe baki ya amince. Na uku, na sa ƙanena ya nuna mani muhawarar nan. Turancinsu ya yi mani sauri, ban kama da yawa ba, amma na ga tsarin: kowa da mintocinsa, ga wani a tsakiya riƙe da agogo. Wannan ya burge ni. Na ce yadda cutar ta shiga haka za a fitar da ita. Na sa ranar Asabar bayan la'asar a zaurenmu, ni ne mai agogo. Shi kuwa ce mashi na yi wani malami zai zo yi mashi gaisuwa.

Baffanninmu biyu kawai na gayyata don su zama shaida, amma ustazun ya zo da ɗalibansa, maƙwabta suka ga takalma a ƙofa su ma suka shigo. Da ƙanena ya yi sallama ya ga zaure cike, ni ya duba. Ban bari mun haɗa ido ba. Na karanta ƙa'ida daga takardar da na rubuta: minti biyar-biyar, zagaye uku, ba katse magana. Ustazun ya fara da kiran sa Dakta, bokan Turai, ya ce an ce allura ta hau mashi kai. Aka yi dariya. Ya ce to Dakta, tunda ka fi kowa sani, sauron nan da kuke yaƙi da shi wa ya halicce shi? Ƙanena ya ce, Malam, ai tambayar da ni ma nake yi ke nan. Zaure ya ɗauki salati. Daga nan duk inda ya juya sai a tare shi, shi kuma da zuciya irin ta gidanmu, sai ya shiga ɗauko maganganun mutumin nan na cikin waya yana jefa masu, maganganun da bai faɗa mani a gona ba, kuma na tabbata ba nasa ba ne.

A zagaye na uku ya bar jayayya. Muryarsa ta canza. Ya fara ba da labarin ranar da yarinyar ta rasu, yadda ya yi ta neman jijiya a hannunta ya rasa, yadda ta riƙe mashi yatsa tana cewa Baba, yadda yake karanta duk addu'ar da Inna ta koya mana da ƙarfi har ma'aikata suna ji. Wannan ne karo na farko da na ji ya ba da labarin rasuwarta tun da aka binne ta. Yana cikin haka na duba agogo, na ga minti biyar sun cika. Na ɗaga hannu na ce lokacinsa ya ƙare. Ya tsaya da baki buɗe, ya dube ni, ya ce to, Yaya. Ustazun ya ce a taƙaice mashi, i ko a'a, ya yarda da Allah? Ƙanena ya ce su rubuta duk wanda suka ga dama. Ya tashi ya fita.

A gidanmu, tun zamanin mahaifinmu, maza a kwano ɗaya suke cin abinci a zaure. Kuma ƙanena ne mai yi mana yanka, kaza ko rago, domin hannunsa ya fi na kowa. A gaban mutanen nan na yanke hukunci biyu: a raba mashi kwano, kuma ba a cin yankansa, har sai ya tsaya gaban waɗanda suka ji shi ya tuba. Na ɗauka kwana uku ya yi yawa zai sauko.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta san mene ne muhawara ba. Da labari ya shiga cikin gida ta aika a kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa faɗin sunana ba, kai take ce mani. Ta ce kai, yaron nan yana salla? Na ce yana yi, amma. Ta ce ba ta tambaye ni amma ba. Ta ce abin da aka faɗa maka a gona shi ka kai zaure? Daga ranar ta sa ake kai kwanonsa ɗakinta, ta riƙa sa hannu suna ci tare. Na ga haka, na ce tausayin tsofaffi ne, ban janye ba.

Maganar ta riga shi isa Kusada. Mata suka daina kawo yara rigakafi a ranar da yake aiki, wani ma ya ce gara ya mutu da ya karɓi allurar wanda ba a cin yankansa. A mako na uku surukinsa ya zo daga Kunduru ya tafi da ɗiyarsa, matar ƙanena, ya ce an gaya mashi babu sauran aure, kuma daga bakin yayan miji maganar ta fito. Ba ƙarya ya yi ba. Bayan wannan ƙanena ya ajiye aiki, ya shiga ɗakin Inna ya daɗe, ya fito da jaka ɗaya ya tafi kudu. Duk Juma'a yakan kira Inna ta wayar matata. Ina sane, nakan yi kamar ban sani ba.

Shekara biyu bayan haka, bayan an gama kaka, Inna ta kwanta. Kwana tara ta yi. Tun a rana ta biyu ta ce in kira mata autanta, shi ya san maganinta. Na kira shi, kuma wannan ne karon farko da na ji muryarsa tun tafiyarsa. Ya ce gobe zai kamo hanya. Na ce ya zo, amma komai da tsarinsa: ya fara biyawa wurin ustazu da baffanni, sannan ya shigo gida. Ya ce, Yaya, wurin Inna zai zo. Na ce ya ji sharaɗi. Ya kashe waya. Na zauna jiran ya sauko, ina ce wa Inna yana hanya. Ranar Talata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ta cika. Bayan azahar aka kai ta.

Washegari ya iso. Ya rame, furfura ta fito mashi kafin lokacinta. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambaya ko akwai wanda zai nuna mashi kabarin. Ni na kai shi. Ya tsuguna a gefen kanta ya daɗe, leɓensa na motsi. Ina tsaye a bayansa, ban ji abin da yake faɗa ba, kuma a karon farko a rayuwata ban ga ina da ikon tambaya ba. Na raka shi tasha. Da zai shiga mota ya ce Allah ya ba mu haƙuri, Yaya. Na so in ce ya kwana, amma na tsaya ina kallo har motar ta tashi. Bayan wata guda lambarsa ta daina shiga, yau shekara biyu ke nan.

Imanina bai girgiza ba, kuma ban ce tambayarsa daidai ba ce. Amma na gane cewa mutanen nan biyu na cikin waya ba su rasa kowa ba, in sun gama a tafa masu kowa ya koma gidansa. Ni na ɗauko tsarinsu na ɗora wa mutumin da ya binne ɗiyarsa. Amana ya ba ni na tona, na yi mashi ƙarya don ya zo zaure, na tura shi ya faɗi abin da bai zo da shi ba, sannan na hukunta shi a kansa. Duk wanda nasa ya zo mashi da irin wannan magana a keɓe, ya sani cewa tsoro ne ya kawo shi, kuma shi ya zaɓa a cikin kowa. Ya rufe bakinsa, ya zauna da shi, in zai nemi malami ya nemi mai haƙuri, ba mai son a ce ya yi nasara ba.

Roƙona biyu ne ga mai karatu. Ka sa mu a addu'a, ni da shi. Sannan in ka san wani ma'aikacin lafiya ɗan Kankia a can kudu, wanda ba ya zuwa gida kuma ba ya son a yi mashi maganar gida, ka ba shi wannan ya karanta. Ka ce mashi yayansa ya janye sharaɗi, ya dawo a yadda yake, ba wanda zai tambaye shi komai.