Rai Uku

Tun ɗiyata tana ciki nake tsoron bakina, tsoron kada in faɗi wata magana ta bi ta. Kakarmu ta sha gaya mana cewa akwai sa'ar da in ka buɗe baki, ko da wasa ne, mala'iku sai su ce amin. Ni kuwa na taɓa buɗe nawa.

Ina da shekara tara, muna zaune a unguwar Maourey a Yamai, kawunmu direban babbar mota ya dawo daga tafiya da wani ɗan akwati mai launin toka. Ana haɗa shi da tele, a cusa masa kaset ta sama. In hoto ya ƙi fitowa sai a zare kaset ɗin, a hura masa iska kamar mai tada wuta, a mayar. Manet biyu ya zo da su, wato abin riƙewa mai maɓallai, igiyarsu gajera, dole ka zauna dab da tele har idonka ya yi ruwa. Ɗaya ya lalace tun makon farko, sai muka koma bin layi. A ciki wani ɗan mutum ne kamar an gina shi da bulo, yana gudu yana tsallake ramuka. Rai uku gare shi. In ukun suka ƙare an koma farko, manet kuma ya wuce hannun na gaba.

Ƙanena ya fi mu iyawa duka, don shi ba ya fita. Yana da amosanin jini, wanda a nan Yamai muke ce wa emasi. Sai ya daɗe yana bugawa, ni ina tsaye a kansa ina fatan ya faɗa rami. Wata rana da ya faɗa na uku, na fizge manet ina tsalle.

"Ka mutu! Ka mutu, ba ni!"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke da ko ramin farko ba ki wucewa."

Washegari ciwon ya tashi, aka tafi da shi likita. Bai dawo ba. Babu wanda ya ce ni ce. Babu ma wanda ya tuna na faɗi haka, sai ni.

Karatuna bai wuce aji uku ba. Na yi aure, mijina mai gyaran tele ne kusa da Babbar Kasuwa, muka kama ɗaki da salo, wato falo, a wani gidan haya a unguwar Kalley. Ɗiyata 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Tana wata takwas hannuwanta suka kumbura, ta yi ta kuka ba a taɓa ta. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, Kirista 'yar Dogon Dutsi, duk gidan Tanti muke kiranta. Ta juya hannun yarinyar sau ɗaya ta ce mu je a gwada jini. Tun kafin takarda ta fito na san abin da ke ciki: emasi.

Daga nan duniyarmu ta koma ɗaki da salo. Ba shiga ruwan sama, ba guje-guje, ba tsayawa a rana, shan ruwa kofi bayan kofi. Lakwal ma, wato makaranta, yau ta je, gobe tana kwance. Ni ma na daina fita. Yayata tana Lamordé, tsallake gadar kogi kawai, amma sai in shekara ban leƙa ta ba, don kullum ina ganin ranar da na sa ƙafa waje ita ce ranar da zan rasa ta.

Tana da shekara biyar babanta ya shigo da wani akwati baƙi a hammata. Wani ne ya kawo gyara, daga baya ya ce ya bar masa.

Na ce, "Fita da shi."

"Haba Madam, aljani ne a ciki?"

"Na san abin nan."

"Ba ki san wannan ba. Naku na zamanin hure-hure ne. Wannan faifai yake ci, kuma ga ɗan kati, shi ke riƙe inda aka tsaya. Ko kuran ya ɗauke, wuta ta tafi, gobe daga nan za ta tashi."

Yarinya ta riga ta rungume manet. Katin nan ne ya karya ni: abu ya tsaya, gobe a same shi inda aka bar shi. Har nakan zare shi in ajiye cikin gwangwanin da nake sa takardunta na likita. Amma na kafa sharaɗi. Na durƙusa gabanta na ce, "Uwata, a ɗakin nan ba a kiran mutuwa. In abin ya ci ki, ki ce na faɗi." Ta ce to.

Sai ɗakinmu ya cika. 'Yan matan gidan suka riƙa zuwa bayan lakwal, Hausa da Zabarmanci suna ta haɗuwa a salo, takalma sun tare ƙofa. Ban taɓa jin dariyarta haka ba. Rannan ina tankaɗe a bakin ƙofa na ji ɗiyar mai gidan haya ta daka tsalle ta ce, "Kin mutu, ba ni!" Ban san lokacin da na ɗauki tsintsiya ba. Na kore su kaf, wata har ta bar takalmi ɗaya. Ba su sake zuwa ba. Ɗiyata ba ta yi kuka ba, ta dai naɗe igiyar manet na biyu ta ɗora bisa tele.

Bayan shekara uku baban ya canza mata da wani sabo. Wannan ba igiya, ba faifai, ba kati, komai a cikinsa yake. Mutanen ciki har gumi kake gani a goshinsu. Tana iya kwanciya a katifa ta buga. Ta ce mini, "Mama, a wannan ba a ƙirga rai. In na faɗi, a wurin nake tashi." Mutum huɗu za su iya bugawa tare, in ji babanta. Ita kaɗai take bugawa.

Ranar da nake son ba ku labari, lokacin zafi ne, bayan azahar. Ina wanki a tsakar gida, na ji muryarta daga ciki.

"Mama, na faɗi."

"To tashi ki sake, Uwata."

Na ci gaba da cuɗa. Can ta sake: "Mama, na faɗi."

"Na ji. Ba ke kika ce ba a ƙirgawa ba?"

Na ukun a hankali ya fito, da ƙyar na ji. Ina matse zane na ɗaga kai, sai na ga Tanti zaune a ƙofar ɗakinta tana fifita da murfin kwali. Na saurara. Firjin mai gidan haya, da kullum ke gurnani ta bayan bango, shiru. Kuran ya ɗauke tun hantsi. Tele a mace take, wane wasa yarinyar nan take yi?

Na same ta a bayan kujera ta dunƙule, leɓenta ya bushe, hannu a ƙirji.

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya miki, Mama. Ji nake kamar zan... abin nan da kika hana."

Tanti ce ta saɓe ta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta tare taksi a bakin titi. Aka sa mata ruwa, aka ƙara mata jini. Kwana shida muka yi. A rana ta uku, da idonta ya washe, ta dube ni ta ce, "Mama, ni irin wanne ce? Irin na da, mai rai uku, ko irin sabon?"

Tanti da ke gyara mata allurar hannu ta ce, "Ke irinmu ce, 'yar gidana. Ɗaya gare ni, ɗaya gare uwarki, ɗaya gare ki. Shi ya sa in ya yi ciwo ake kwarara ihu, ba a yi masa kara. Kin ji ni?"

Da muka fito baranda ta tsare ni ta ce wace irin doka ce wannan. Nan na ba ta labarin ƙanena, abin da ko mijina ban taɓa gaya wa ba. Ta riƙe haɓa.

"Bakinki ne ya kashe shi? Ƙanwata, da bakin yara yana kisa, da Kalley ba a bar ko mai sayar da ƙanƙara ba. Jini ne. Amma shirun da kika koya wa wannan, shi kam ya kusa."

Kunnena ya ji. Zuciyata har yau rabi ta ji.

Da muka dawo gida na ɗage dokar. Na ce ta faɗi duk abin da ta ga dama, in kuma jikinta ne, ta kira shi da sunansa. Ranar farko ta gwada ni. Ta ce, "Mama, na mutu," tana satar kallon fuskata. Na ce a raina, ba amin ba, a fili kuma na ce, "To tashi ki rama." Har yanzu haka nake yi, kuma duk lokacin da ta kira ni sai na fara sauraren firjin nan kafin in amsa.

Na bi ɗaki-ɗaki na ba iyayen 'yan matan haƙuri. Kowacce ta ce ba komai, ya wuce. Amma yara ba su manta tsintsiya. Biyu suka zo sau ɗaya, suka zauna a bakin tabarma suna buga wasa ba magana, suna kallon hannuna. Yanzu sun girma, sun sami wasu ƙawaye. Manet na biyu yana nan bisa tele, ina goge shi duk ranar Juma'a. Ni kuma har yau ban tsallake gada ba.

Roƙona guda ne. In a gidanku ko a layinku akwai yaron da ciwo ya tsare a ɗaki, ku tura masa 'ya'yanku su zauna su yi wasa da shi, su yi ihunsu yadda suka saba. In uwarsa ta kore su, kada ku yi fushi da ita. Ku sake tura su gobe.