Salak ɗin da na ba masu awo

Duk mantuwata, ba zan manta ranar da masu awo suka zo lambunmu ba. Ina noman salak da alayyahu a bayan kamfanonin jima na Challawa, kuma da ruwan da suke sakowa ta kwata muke ban-ruwa. Yau baƙi, gobe shuɗi, wata rana har da kumfa. Ganye kuwa ya yi ɓul-ɓul kamar an shafa masa mai. Mu dai ba ma ci a gida, kasuwa muke kaiwa.

Sai labari ya zo cewa gwamnati za ta turo a auna ganye da ruwa, a ga ko da guba. Ni ban yi boko ba, amma a ganina duk inda aka ce awo, kora ce ke biye. Lambun nan kuma shi ke ciyar da gidana. Da sassafe na je na sayo salak na Kura mai shan ruwan dam, na ɓoye a bukka tare da jarkar ruwan famfo. Maƙwabtana ma ni na koya musu. A lokacin ji nake na fi kowa kai.

Wata mata ce ta zo, da farar riga da safar hannu, da takalmin da ba na shiga caɓi ba. Daga bakin hanya ta miƙo min leda da kwalba.

"Malam, ku taimaka ku ciro mana daga tsakiya."

"An gama, Hajiya."

Na zagaya bayan bukka, na shafa wa saiwar salak ɗin Kura ƙasa, na cika kwalba daga jarka. Ta ɗaga ta duba, ta ce, "Ruwanku garau kuwa." Na ce, "Muna kula da shi, Hajiya."

A tsallaken titi akwai wani dattijo mai lambu a bakin wata kwatar. Shi ruwan ya ɗebo musu yadda yake, har da warinsa. Na ce, "Baba, kun kori kanku." Ya ce, "Yaro, ni gwiwata ba ta kai ni kasuwa sayen ƙarya."

Bayan damina sai ga motar haƙa rijiya. Muka miƙe tsaye. Ta wuce mu, ta tsallaka titi, aka yi wa su Baba burtsatse da injin sola. Ba a kori kowa ba. Ashe awon na sanin inda za a kai ruwa ne.

Na sa babbar riga na je ofis. Mutumin da na tarar ya buɗe takarda, ya bi ta da yatsa.

"Ku ai ba ku da matsala, Malam. Ruwanku har sha ana iya yi."

Na ce, "Haka ne."

Har yau da ruwan kwata muke ban-ruwa, kuma maƙwabtana gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da na koya shi ne, na ofis ba ya ganin kwata, kwalba yake gani. Abin da ka zuba masa a ciki, da shi zai yanke maka hukunci.