Na'a-na'a a Cikin Kwalbar Zuma

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta maigidana, da la'asar 'yan uwan da suka zo daga Kano suka ɗaure kayansu suka nufi tasha. 'Yata ta koma ɗakinta a Anacha. Babban ɗana ya koma Inugu, inda yake sayar da wake da busasshen tattasai a kasuwar Ogbete. Aka bar ni ni kaɗai a ɗaki biyu a saman bene a Fatakwal, ga wata huɗu na takaba a gabana.

Maigidan dillalin shanu ne, kuma ba mai yawan magana ba. Sai da ya tafi na gane cewa ko shirunsa ma cika ɗaki yake yi.

Washegari ina tattara kofunan da baƙi suka bari, sai na tarar da wani kofin silba a bayan buhun shinkafa. A cikinsa akwai na'a-na'ar da ya sayo a kasuwar Creek Road kwana biyu kafin ciwo ya kwantar da shi, don ba ya shan shayi sai da ita. Ni ce na tsoma ta a ruwa kada ta yi yaushi, sannan zaryar asibiti ta mantar da ni. Rabinta ya ruɓe, har yana wari. Na ɗaga zan zubar, sai na ga reshe uku sun fitar da saiwa, fara fat, siririya kamar zaren ɗinki.

Na daɗe a tsugune da kofin a hannuna. Daga baya na tsince ruɓaɓɓun, na wanke wata kwalbar zuma da ta ƙare, na cika ta da ruwa, na jera rassan a ciki, na ɗora a bakin taga.

Tsakar gidanmu siminti ne tun daga ƙofa har bakin kwata, ba inda za a sami ƙasa ko cikin tafin hannu, ni kuma ba fita nake yi ba. Sai na zauna da abin da nake da shi, ruwa da kwalabe. In na yanka albasa sai in ajiye gindinta a bakin kofi yana taɓa ruwa, cikin kwana uku ta tsiro kore shar. Na soka wa dankali tsinke uku na rataya shi a bakin kwalba, ya yi shiru kusan mako biyu har na fid da rai, sannan ya yi yaɗo ya kama ƙarfen taga. Damina ce, ruwan Fatakwal kuwa in ya tsinke sai ya wuni. Ina idar da sallar asuba sai in ja kujera in zauna, ina ƙirga sababbin ganye. Akwai ranakun da ban buɗe baki na yi magana da kowa ba, in ban da addu'a.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata tsohuwar Ibo ce mai sayar da busasshen kifi. Shekaru muna gida ɗaya, amma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Wata rana da hantsi ta tsaya a bakin tagata, ta sunkuya tana leƙen kwalaben, sai ta tafa hannu.

"Hajiya, na mosquito you dey train?"

Wai sauro nake kiwo? Na matso na duba inda take nunawa. Ashe wasu 'yan tsutsotsi ne cike da kwalbar dankalin, suna ta wutsil-wutsil. Kunya ta kama ni, sai kuma dariya ta ƙwace mini, ta farko tun rasuwar.

Ta shigo ba ta jira izini ba. Da Turancin broka da nuni ta koya mini in riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku, in cire duk ganyen da ya nutse, in naɗe kwalabe da takarda don kada gansakuka ta kama su. Da ta ga na'a-na'ar ta fara yin rawaya, ta ce in riƙa ɗiga mata ruwan wankin shinkafa kaɗan. Kashegari ta zo mini da reshe biyu na ɗoɗɗoya, wadda su suke kira nchanwu. Ita ma mijinta ya rasu da daɗewa. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Takan zauna a kan buhun shinkafa da yamma, ta sha shayi, ta ce sukarin ya yi yawa, ta tashi.

Saura mako uku in fita takaba ta faɗi a matakalar bene, ƙugunta ya goce. 'Yarta ta zo da mota ta tafi da ita Aba. Ina tsaye a taga aka fito da ita. Ta ɗago mini yatsu uku, wato kada in manta da sauya ruwa. Ko lambar waya ba mu karɓa ba, don ba mu taɓa tunanin za mu buƙata ba. Bayan wata ɗaya wasu samari suka kama ɗakin.

Ranar da na fita takaba ɗana ya zo daga Inugu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna yana kallon tagar. A lokacin kwalabe goma sha ɗaya ne, yaɗon dankalin har ya kai silin.

"Umma, ki haɗa kaya mu tafi. Zaman me za ki yi a nan ke kaɗai? Matata ta gyara miki ɗaki. Akwai fili a bayan gida, ki shuka duk abin da kike so."

Na ce, "Allah Ya yi maka albarka. Bari dai damina ta wuce."

"Umma, damina tana wucewa a garin nan?"

Na tashi na tsinko ɗoɗɗoya na yi masa miya, ya ci ya ƙara. Da zai tafi na naɗe masa reshe biyu a jiƙaƙƙen ƙyalle ya kai wa matarsa, na raka shi har bakin titi. Rabon da in taka ƙasan benen nan wata huɗu. Na tsaya ina kallo har okadar da ya hau ta sha kwana, sannan na kama bango na hau sama a hankali.